Taken da Ya Buɗe Albam ɗinmu

Ban taɓa riƙe kalangu a hannuna ba sai da na zo Dubai. A Jos aka haife ni, a coci na koyi kaɗa gitar bes, mai kaurin muryar nan da ke ƙarƙashin waƙa, wadda ba mai lura da ita sai ranar da ta yi shiru. Kalangu kuwa a wurina kayan mahauta ne da gidan biki. In ji shi daga nesa, in wuce abina.

Abin da ya kawo ni ƙasar nan gyaran kwantenoni masu sanyi ne a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Wuni ake yi tsakanin ƙarfen da ke ƙona tafin hannu da iskar da ke daskarar da kifi, mutum ya koma ɗaki da mura a tsakiyar zafi. Lahadi ce kaɗai tawa, ita ma na sadaukar da ita ga kiɗan rok. Mu huɗu ne. Akwai mawaƙiyarmu, 'yar Lebanon, ma'aikaciyar wani ofishin jiragen ruwa, mace mai kirki amma ba ta iya barin abu ya kwana. Akwai mai gita, ɗan Filifin, wanda ke karɓar baƙi a otal, ya yi ta murmushi duk mako, ranar Lahadi ya zo ya sauke fushinsa a kan gita. Mai gangunanmu ɗan Indiya ne, akawu, shi ya samo mana wani lungu a bayan siton kafet a Dubai Investments Park. Sai ni. Ba kamfanin da ya ɗauke mu, ba wanda ya san da zamanmu. Mu ke rubutawa, mu ɗauka, mu saka a intanet, mu kuma yaba wa kanmu.

Wurin yana warin sabuwar roba da ƙura, amma kafet ɗin da aka jibge har rufi yana shanye ƙara, ko ihu ka yi ba mai ji a waje. A nan muka yi albam ɗinmu na farko, gita da bes da ganguna da murya, ba ƙari. Da za a tara duk waɗanda suka saurare shi, ba na jin za su cika motar ma'aikata. Ni dai ina son sa har yau, don ba wanda ya cutu da shi.

Mawaƙiyar ce ta kawo maganar faɗaɗa sauti. Ta ce mu huɗu daga ƙasashe huɗu, amma wanda ya rufe ido ya saurare mu zai rantse wasu samarin Turai ne da ruwan sama ya hana fita. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ta ba ni haushi. Kafin wata ya ƙare ta jawo wani ɗan'uwanta mai kaɗa ud, garayar Larabawa. Mai ganga ya zo da wasu 'yan ganguna na garinsu da ake bugawa da yatsu. Mai gita ya aro fiyano na lantarki. Sannan duk suka juyo suka zuba mini ido.

"Kai fa, habibi?" in ji mawaƙiyar. "Ba ku ne masu gangar nan mai magana ba?"

Na ce mata ni bes na iya, kuma ba kowane baƙin mutum aka haifa da ganga a hammata ba. Suka yi dariya, a zatonsu wasa nake. Ba wasa nake ba. Amma na san in albam ya fita da muryar kowace ƙasa ban da tawa, abin zai tsaya mini a rai. Na kira ƙanwata a Jos. Sai da ta gama dariyarta, har da kiran mamanmu ta zo ta ji, sannan ta shiga kasuwa ta sayo kalangu, ta ba wani ɗan kasuwa mai tahowa. Shi kuma ya ajiye mini a Naif, unguwar 'yan kasuwa a Dubai, a shagon masu jigilar kaya da nake aika kaya gida ta hannunsu.

Shagon na wani Alhaji ne mutumin Kano, amma wanda ke riƙe da shi a zahiri wani dattijo ne da kowa ke kira Malam. Siriri ne, mai furfura a gemu, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace. Shi ke auna kaya, shi ke ɗaure dila, makullin shago a aljihunsa yake kwana. Kwano ɗaya suke ci da Alhaji. In 'yan kasuwa biyu suka yi rigima kan kwalin da ya ɓata, wurinsa ake zuwa, abin da ya yanke ya zauna. A benen da 'yan Arewa ke sauka, in lokacin salla ya yi, shi ake turawa gaba. Ni Kirista ne, amma bai taɓa bari na bar shagon ban sha shayi ba. Mutumin Jos yake kira na, yana tsokanata wai sanyin garinmu ya lanƙwasa mini Hausa.

Ranar da na je karɓar saƙon, ya ɗauko shi daga bayan dilolin takalma. An naɗe shi cikin buhu an laftaba masa salatif, ba abin da ake gani. Amma na lura da hannu biyu ya riƙo shi, shi da ke wurga jakunkuna kamar ba su da masu su.

"Wanda ya ɗaure wannan bai san abin da ya ɗaure ba," ya ce. "Ya matse tsarkiya tun daga Najeriya. In fatar ba ta yage ba, ka gode Allah."

"Malam, ya aka yi ka san abin da ke ciki?"

"Ba aikina ke nan ba? Yalla, ɗauki kayanka, kana tare mini hanya."

Fatar ba ta yage ba. Ni ne na kusa yaga ta. Lahadi bayan Lahadi ina rataye da abin nan, ina matse igiyoyinsa a hammata yadda na gani a bidiyo, ina dukansa da gula, ƙarar da ke fita kamar yaro na buga bokiti. Mai gita yana gyaɗa kai da ladabin otal. Mawaƙiyar tana cewa da kyau, da kyau, idonta a waya. Ud ya riga ya samu wurin zamansa a waƙoƙin, 'yan gangunan Indiya ma haka, fiyano ya cike ramukan da a da ba mu san akwai su ba. Najeriya ce kaɗai ke ba da kunya. Ranar da mai ganga ya ce ko a bar shi ya gwada, na ajiye kalangun na fita waje cikin rana, na tsaya har raina ya huce.

Maganar Malam ce ta yi ta dawo mini. Wata yamma bayan aiki na koma Naif, na same shi shi kaɗai a siton bayan shago yana ɗinke buhu. Na zauna kan kwali na tambaye shi kai tsaye ko ya iya kalangu, in ya iya ya zo ya kaɗa mana. Ya ci gaba da soka basilla. Can ya tashi ya tura ƙofa.

Gidansu gidan makaɗa ne, a wani gari a ƙasar Katsina. Kakansa ya yi wa mahauta kiɗi, mahaifinsa ya yi, shi ma ya yi har gemu ya fito masa. Kafaɗar nan ma kalangu ne ya karkatar da ita.

"A garinmu makaɗi abin so ne a filin biki," ya ce. "A liƙa maka kuɗi a goshi, a yi ta shewa. Washegari ka je gidan mutumin, a bakin ƙofa za ka durƙusa, ba mai shimfiɗa maka tabarma. Abokin da muka yi makarantar allo tare, in ya gan ni sai ya fara laluba aljihu. Da tsohona ya rasu na ajiye, na bar garin. Na yi Kano, na yi Saudiyya, na zo nan. A nan ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa ne, sunan garinmu kawai suka sani. Malam ɗin nan da kake ji ana kira na, mutumin Jos, ba gadonsa na yi ba. Da gumi na same shi, kuma shi kaɗai na mallaka."

Na ce khalas, maganar ta mutu a nan, kuma har zuciyata na faɗa. Na ma fara shirin gaya wa abokaina su haƙura da Najeriya.

Shi ya kira ni bayan 'yan makonni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne.

"Tun ranar da na taɓa kayan nan naka hannuna ya hana ni sakat. Ina auna kaya yana kaɗawa, ina cin abinci yana kaɗawa. Zan zo sau ɗaya. Ba suna, ba hoto. Kuma duk wanda ya miƙo mini kuɗi a cikinku, mun ɓata ni da kai."

Na yi murna ƙwarai. Na rantse masa da abin da na yi imani da shi, ya ce ba sai na rantse ba.

Safiyar wata Juma'a muka zaɓa, lokacin da shagonsu ke rufe. Kowannenmu ya ƙirƙiro dalilin barin aiki. Malam ya sha doguwar tafiya a jirgin ƙasa da bas, ya iso cikin farar rigarsa ta masallaci, yana ƙamshin turare. Ya ba maza hannu, ya gai da mawaƙiyar da hannu a ƙirji. Ya dubi wayoyin lantarkin da suka cika ƙasa ya ce wannan ai gidan gizo-gizo ne. Sannan ya karɓi kalangun, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya ɓata fuska.

"Sanyin ɗaki ya kashe shi. A kai shi rana."

Haka muka jeru a bakin sito, manyan motoci na wucewa, muna gadin kalangu yana shan rana a kan bulo. Malam yana juya shi, yana jan igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gamsu muka koma ciki. Ya cire takalmi, ya tura hula baya, ya rataya kalangun. Mai gita, wanda shi ke kula da na'urar ɗaukar sauti, ya sa masa abin saurare a kunne, ya ce zai sako waƙa ya bi. Malam ya ɗaga hannu, alamar a dakata.

Sai ya kaɗa wani abu gajere, shi kaɗai. Ya hau, ya sauka, ya yi kamar tambaya, ya tsaya. Ya maimaita shi a hankali. Ban san me yake cewa ba. Abin da ya ƙi ni makonni ya koma kamar maƙogwaron mutum. Idon Malam a rufe, leɓensa na motsi.

Daga nan ya ce a sako. Ya bi waƙoƙin kamar da shi aka rubuta su. Inda gita ke ihu ya lafa, inda muryar mawaƙiya ta karye ya shiga ƙarƙashinta ya tallafe ta. Ni da shi muka riƙa ba juna amsa, bes da kalangu, har na manta akwai aiki gobe. Ban taɓa jin daɗin kiɗa kamar na wannan safiyar ba, kafin nan ko bayan nan. Da hantsi ya ɗaga sai ya sauke kalangun, ya gyara hula, ya ce kar ya rasa Juma'a. Mawaƙiyar ta nufi jakarta za ta ciro kuɗi, na harare ta, ta fasa.

A hanyar tashar bas na tambaye shi abin da ya fara kaɗawa.

"Taken gidanmu ne," ya ce. "A gidanmu ba a fara kiɗi sai an gai da masu gida, rayayyu da matattu. Ko a biki ko a kasuwa, da shi ake buɗewa. Ban ma yi niyya ba, hannu ne ya yi abinsa."

Abin da ni da shi ba mu sani ba, mai gita ya riga ya danna ɗauka tun kafin Malam ya ɗaga hannu. Da muka zo haɗa albam ya sako mana guntun. Su ukun baki ɗaya suka ce da shi za a buɗe. Na ce ba namu ba ne, sai mai shi ya yarda. Muka yi ta ja-in-ja, har na ce in aka sa ba izini, zan cire bes ɗina daga kowace waƙa, su je su nemi wani. Mawaƙiyar ta ce ni mutum ne mai wuyar sha'ani. Na ce na sani, mamana ma ta faɗa.

Na kai wa Malam a waya, a siton nan na bayan shago. Ya sa a kunne, ya ji taken shi kaɗai, sannan gita ta faɗo a kansa, ganguna suka biyo. Ya ce in sake. Na sake. Hawaye bai zubo masa ba, amma ya daɗe yana shafa gemu.

"Malam, in ka ce a cire, yau za a cire."

"Tsohona ya yi kiɗi har ya mutu, ko a kaset ba a taɓa ɗaukarsa ba," ya ce. "Yanzu ga takensa a faifai, a Dubai." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma wa zai ji? Ka taɓa ganin ɗan kasuwar Naif yana sauraren wannan hayaniyar taku? Bar shi."

Ni ma haka na gani. Mutanenmu a Naif waƙoƙin soyayya na gida suke ji, da wa'azi, da karatu. In ka kunna musu rok za su tambaye ka ko janareta ne ya lalace. A kan haka muka dogara ni da shi, kuma ba mu yi kuskure ba. Har yau ban san Bahaushen da ya saurari albam ɗin nan daga farko zuwa ƙarshe ba.

Talla ce ba ta zo mana a rai ba. Da albam ya fita, aka yanko ɗan guntun bidiyo don yaɗawa a waya, hoton kwantenoni da faɗuwar rana, da rubutu cewa a Dubai aka ɗauka. Guntun ya yi gajarta har gita ba ta samu shiga ba. Take ne kawai, ba abin da ya rufe shi. Wayoyin zamani kuwa sun san masu su, abin da ya yi kama da kiɗan gida Hausawa suke kai wa. Kafin mu ankara ya zagaye Naif, mutane na tura wa juna suna tambayar ko wane ne wannan.

Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. A wani gidan tuwo na 'yan Arewa ne. Wani mai sayen jakunkunan mata da ya zo daga ƙasar Katsina ya ji abin a wayar na kusa da shi, ya ajiye loma. Ya ce wannan ai taken gidan makaɗan mahautan gari kaza ne, tun yana yaro yake jin sa ranar kasuwa. Ya ce gidan ya mutu, mutum ɗaya ya rage, shi ma ya daɗe da fita waje. Ba da mugunta ya faɗa ba, murna ma yake yi. Amma mutum ɗaya ne a duk Naif daga wannan garin, kuma kowa ya san kafaɗarsa.

Ba a kore shi ba. Da korarsa aka yi, da na san wanda zan zaga. Alhaji ya yi dariya ya ce ba komai, ai ba sata ya yi ba. Makulli ya ci gaba da kwana a aljihun Malam. Sai dai aka fara zuba masa abinci a kwano daban, wai don kar a takura shi. A bene, da aka tayar da iƙama, wani ya riga shi matsawa gaba, ba wanda ya hana shi, washegari ma haka. Masu rigimar kwali suka koma kai ƙara wurin wani. Samarin da a da ba sa iya haɗa ido da shi suka fara leƙowa shago suna cewa, "Baba makaɗi, a ɗan taɓa mana mana." Kalmar Malam ta riƙa raguwa a bakin mutane kamar sabulun da aka manta a ruwa.

Na sa aka sauke bidiyon. Da na gaya masa ya ce ya gode, amma ni da shi mun san ya riga ya shiga wayoyin da ba mu da iko da su. Abokaina sun damu, ba zan yi musu ƙarya ba, sai dai sun kasa ganewa. Mawaƙiyar ta ce a garinsu mai irin wannan hannun sai a tashi a ba shi kujera. Ta so ta je Naif da kanta ta yi wa 'yan kasuwa bayani. Na ce mata ta yi wa Allah ta zauna, abin da ya rage wa dattijon nan ke nan, a ga Balarabiya ba ɗankwali ta zo kare shi a tsakiyar layi.

Abin haushin, albam ɗin ya karɓu fiye da na farko. Aka fara gayyatarmu ƙananan wurare, wasu gidajen shayi da tsofaffin sito da aka mayar wuraren taro. Ko'ina muka je, da taken nan ake buɗewa. Mai ganga ya danna kwamfuta, hannun Malam ya fito ta lasifika, mutanen da ba su san ana gai da kowa ba su yi tafi. Ni kuwa in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara bes ɗina har ya wuce.

Ranar da ba na mantawa wata Lahadi ce da na ƙi zuwa gwajin kiɗanmu na tafi Naif. La'asar ce, layin ya cika, masu turin amalanke na ihu a ba su hanya. Malam na durƙushe a bakin shago yana ɗaure wa wani matashin ɗan kasuwa dila. Matashin nan, mai agogo mai ƙyalli, ya ji daɗin ɗaurin, ya zaro takardar kuɗi ya liƙa wa Malam a goshi. Gumi ya riƙe ta. Mutane suka fashe da dariya, wani har da tafi.

Sai na ji muryar Malam, amma ba wadda na sani ba. Wata ce mai zaƙi, sama-sama.

"Godiya nake, ranka ya daɗe! Allah ya ƙara arziki!"

Ya faɗa kafin ya ankara. Na ga lokacin da ya ji kansa. Fuskarsa ta mutu, takardar ta saki goshinsa ta faɗi kan dila. Ni kuwa na riga na cakumi kwalar matashin ban san lokacin da na yi ba, a ƙasar da faɗa ɗaya ke iya cinye bizar mutum. Malam ya damƙe mini hannu ya ce, "Sake shi." Matashin ma ya rikice, yana ta rantsuwa shi wallahi girmamawa ya yi. Na yarda da shi, shi ne ma abin da ya fi mini ciwo.

Muka shiga sito. Ya zauna kan kwali, hannuwansa biyu tsakanin gwiwoyi.

"Ba kuɗin ne suka ƙona ni ba," ya ce. "Bakina ne. Shekara da shekaru ina koya masa shiru, takarda ɗaya ta taɓa goshina, ya tuna aikinsa."

Na ce ya yi haƙuri, mutane za su manta. Ya girgiza kai kawai. Na zauna da shi har aka kira magariba, ya tashi ya yi alwala, ya yi sallarsa a nan tsakanin diloli, bai hau bene ba.

Da bizarsa ta zo ƙarewa ya ce wa Alhaji kar a sabunta. Alhaji ya roƙe shi, da gaske kuwa, don ya san ba zai samu wanda zai riƙe masa shago kamarsa ba. Ya ƙi. Ya ce mini ba garinsu zai koma ba, akwai wani gari a kudu inda ƙanin matarsa ke sayar da albasa, can ba wanda ya san shi. Mutum da furfurarsa zai je ya sake zama baƙo. Na ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba tun rasuwar babana, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi in huce.

Ranar sallama na kai masa kalangun, na ce ya tafi da shi, ni ba abin da zan yi da shi. Ya riga ya miƙa wa Alhaji makulli, jakarsa na bakin ƙofa. Ya ƙi karɓa. Amma ya ce in kawo. Ya sassauta igiyoyin, ya naɗe shi da tsohon zane, ya sa a kwali, ya cusa takardu a gefe-gefe, ya ɗaure da irin ɗaurinsa.

"Haka ake ajiye shi," ya ce. Sannan ya yi 'yar dariya. "Ka ga wautar tsoho? Na ce ba suna, ba hoto. Na zo na zauna, abin da na fara kaɗawa sunan gidanmu ne."

"Malam, ka yi da-na-sani?"

Ya dubi kwalin. Can ya miƙo mini wayarsa, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi.

"Sa mini farkon nan, mutumin Jos. Ban da hayaniyar taku."

Na sa masa. Ya rage murya ya kara a kunne, ya ji har ƙarshe, leɓensa na motsi. Sannan ya jefa wayar a aljihun da makulli ke kwana a da, ya ɗauki jakarsa.